Waƙoƙina Suna Gadin Shinkafa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Faifai na Giwa Biyu, Nairobi: uban mawaƙa, garkuwar kaset, dodon intanet.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta bara da ubangidansa, ni ne Owuor Ragwel, makaɗin salon benga na garin Kisumu, wanda ya shiga inuwarku tun gashin kansa yana baƙi. Na ji hukuncinku cewa waƙoƙinmu ba za su hau sababbin manhajojin nan da ake sauraro ta waya ba, don kada a sace. Allah ya ƙara basira. 'Yan koke-kokena ba su da yawa.

Na ɗaya: tsaron ya yi kyau matuƙa. Ɓarawo bai samu ba, mai saye ma bai samu ba. Wane kamfani ne ya taɓa yin adalci haka?

Na biyu: kun ce faya-fayen namu suna shiga ƙauyuka. Na shaida. Na gan su a gonakin shinkafa na Ahero, rataye da zare, suna walƙiya suna korar tsuntsaye. Wata manomiya har ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, naka na uku ya fi kyau, ko ɗan tsuntsu ɗaya ba ya sauka!" Shin in yi godiya ne, ko in nemi wurin zama?

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: bikin 'yata Awino. Na riga na cika wa surukai baki cewa ni shahararre ne. Mai sa kiɗa ya zo da waya kaɗai, ya lalubi sunana a gaban jama'a, sai ga hoton wani mai gyaran famfo a Nakuru. Uwar ango ta tafa hannu ta ce, "Ashe sana'ar ke nan! To namu yana yoyo." Na gyara, ranka ya daɗe, don auren ya zauna. Yanzu unguwarsu duka ni ake kira.

A ƙarshe ina neman fatawa. Matata tana rera waƙata in tana tuƙa tuwon ugali, tagar kicin a buɗe, maƙwabta suna sha kyauta har da amshi. Wannan ba satar fasaha ba ce? In haka ne, ku turo lauyanku ya hana ta. Ni dai ba zan iya ba, muciyar tana hannunta.

Naka mai biyayya har kaset ya tsinke,

Owuor Ragwel,
Kisumu.