Takardar da Baba Shekari Ya Zauna a Kai

"Lafiya ƙalau na tashi, amarya. Mu da ba mu da abin sayarwa ai barci muke har da minshari."

Keziya ta ji habaicin kakanta sarai, amma ba ta da lokacinsa. Tun da gari ya waye take birkita ɗakinta a gidansu na Chikaji, tana neman wata ambulan mai ruwan ƙasa. Sana'arta samar da masu rabon abinci a wuraren biki da taro. Makon jiya ta kai mutum goma sha huɗu wani taron kwana uku a Samaru, masu taron suka sa hannu a takardar kuɗin aikin, suka ce biya sai bayan kwana sittin. Su kuwa ma'aikata yau Juma'a suke jiran haƙƙinsu. Akwai wani ofis a Sabon Gari da ke karɓar irin wannan takarda ya ba mutum kuɗi a hannu, sai dai ranar Juma'a sha biyu suke rufewa. Ga sha ɗaya ta gota, ga kakanta Baba Shekari ya harɗe a kujera ya ƙi ko motsi, mutumin da kullum war haka yana majalisar masu dara. Can ta hango bakin ambulan yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Tsoho, tashi."

"Haka ake yi wa miji magana? Ko ruwan wanka ba ki kai mini ba."

"Mijin da bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba? Mijin da haƙoransa uku, ukun ma ba sa ga maciji da juna? Ɗaga mini takardata!"

"Cefanen me zan ba ki? Shinkafarki ko kajin gidan nan wucewa suke. Shi ya sa kika koma hayar mutane su raba girkin wasu."

"Na ji. Tashi dai."

"Ko jirgin ƙasa za ki kawo ya ja ni, ba na tashi." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Jiya da kunnena na ji ki a waya: 'Zan kawo muku takardata ku ba ni kashi tamanin.' Takardar da na sayar da gonata saboda ita! Shekara huɗu ina taka keke zuwa Samaru da garin masara a baya, kina jami'a kina yi mini Turanci. Yau ita za ki kai kasuwa kamar tumatir?"

Keziya ta saki baki. Sai yanzu ta gane: a wurin tsohon nan takarda ɗaya ce tak a duniya, ta digiri. Dariya ta taso mata, haushi ya danne ta.

"Wai digirina kake nufi? Buɗe ka karanta!"

"Tabarau ya karye tun Ista, kuma matar da ta ce za ta gyara ga ta tsaye tana yi mini tsawa."

"To saurara, kurman miji. Wannan takardar kuɗin aiki ce. Masu taro sun amsa cewa ina bin su dubu ɗari tara, amma sai nan da wata biyu. Zan kai ta ofis su ba ni kashi tamanin yau. Ranar da masu taro suka biya, su cire ladansu su miƙo mini ragowar."

"Au! Bashi ma yanzu sayar da shi ake yi? Duniya ta zo ƙarshe. Nawa ne ladan nasu?"

"Kashi huɗu."

"Ɓarayin zaune! Suna cikin fanka, ke kina cikin rana, su yanki huɗu?"

"Ɓarayin nan ne za su sa ma'aikaciyata Martina ta biya kuɗin makarantar 'yarta ranar Litinin. Shi kuma abokin aikinta Wisdom, mai gidan da yake haya ya ba shi wa'adi zuwa yau. In na ce musu su jira kwana sittin, gobe akwai biki a unguwar Jama'a, mutum ɗari uku. Wa zai ɗauki faranti? Kai?"

"Me zai hana? Da ƙuruciyata buhu biyu nake ɗauka a tashar jirgi."

"Yanzu kofin shayi ma sai ka yi wa rigarka wanka. Ka shiga cikin baƙi, kafin ka kai teburi na biyu ka cinye naman da haƙori uku."

"Ƙarya kike, tsotsewa zan yi in mayar." Ya gyara zama a kan ambulan. "To in wannan ba ita ba ce, ina ta gasken? Kin riga kin sayar ke nan!"

"Tana cikin akwatinka na ƙarfe, ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Ranar da aka yaye mu ka ƙwace ta, ka ce mace mai ɓatar da ɗankunne ba za ta riƙe digiri ba."

Baba Shekari ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi jikarsa, ya sosa ƙeya. Sannan ya karkata gefe guda ya zaro ambulan, ta yi ɗumi kamar an goge ta da dutsen guga. Keziya ta fizge ta juya.

"Tsaya mana, sarkin gaggawa."

Ya laluba aljihu ya fito da wani ƙullin hankici, ya kwance. Kuɗi ne, 'yan dubu-dubu a nannaɗe.

"Wannan fa?"

"Talotalona. Da sassafe na kai wa Ikechukwu mai kaji. Na ce ko nawa suka yi miki alkawari, in ba ki, ki bar mini takardar."

Talotalon da yake kiwo tun watan Yuni saboda Kirsimeti, wanda ko yaran maƙwabta ba su isa su kalla ba. Haushin Keziya ya bi iska, tausayin tsohon ya cika mata zuciya har idonta ya kawo ruwa. Ta yi maza ta haɗe rai don kada ya gani.

"Da kuɗin talotalo ɗaya za ka fanshi digiri? Ashe haka ka raina karatuna."

"Karatun naki ai ko zakara bai kai ba, alheri na yi miki." Ya fashe da dariya har haƙoran nan uku suka bayyana. "Na sayar da talotalo don in fanshi abin da ke ƙarƙashin gadona! Kada ki faɗa a majalisa. Ungo, hau mashin, kada su rufe. Sauran ki ƙara wa Martina."

Ta karɓa da hannu biyu. "Bashi ne. Zan rubuta maka takarda, biya bayan kwana sittin."

"Rubuta, amarya, ki sa hannu da kyau. In na gaji da jira, yanzu na san ofishin da zan kai ta."