Tafiyarmu Jos Ni da Laure

Zamanin Turawa ne, shekarar da gyaɗa ta ƙi a Makoda, na ƙudura barin gida. Baffana ya ce in tafi Kaduna, akwai 'yan uwa a can. Na ce sam, ni Jos za ni haƙar kuza, garin sanyi da manyan duwatsu. Na sayar da jakina, na sayi bargo, na ɗauki matata Laure sai tashar jirgin Kano.

Jirage biyu muka tarar a tsaye. Laure ta ce, "Malam, mu tambaya mana."

Na ce, "Ni da nake shiga birni tun kina goye?" Na zaɓi wanda ya fi kyan tarago.

A hanya na ishi fasinjoji da labarin Jos, ina lulluɓe da bargo, gumi na tsiyaya. Sai kallona suke yi. Can wata tsohuwa ta tausaya mini, ta ce, "Ɗan nan, Nguru fa muka nufa."

Haka muka dawo gida, ba jaki, ba kuza. Yau mun tsufa, amma ko masallaci zan fita sai Laure ta leƙo: "Malam, a gaida mutanen Nguru!"