Tabarmar Aro

"Salamu alaikum. Ya kwanan tsufa, uwargida?"

"Tsufa na nan yana jiranka, maigida. Shigo mana."

Jikan tsohuwar ne ya yi sallamar, sai ya ja ya tsaya turus a bakin ƙofa. Shi ke yi wa masu yawon buɗe ido jagora, kuma motarsu na hanya, saƙar tabarmar kaba za su zo gani. Ga tsohuwa ta share tsakar gida fes, ta baje tabarmar roba sabuwa fil, ko silin kaba ɗaya babu a wurin.

"Kaka, ina tabarminki?"

"Suna ɗakin awaki."

"Wannan abar fa?"

"Wurin matar tela na aro. Mutane su taso daga uwa duniya in zaunar da su a kan kaba? Kai ne ba ka da kunya, ni da saurana."

"Robar ai daga can wajensu aka kawo ta! Yau kam na sake ki."

"Ka daɗe ba ka saka ba. Mijin da na yi wa wanka a baho yana tsala ihu? Ji kunnuwa kamar faifai."

"Ke da haƙori biyu, ɗayan ma yana hutu."

"Mai aikin ya isa ya cije ka."

Bai yi dariya ba, don tsoro ne fal cikinsa. Ya tsuguna a gabanta.

"Kaka, da ƙyar na hana masu gawayi sare itatuwan goruba na bakin rafi, inda kike samun kaba. Na ce musu saboda kabar nan baƙi za su riƙa zuwa, kowa ya samu. In suka juya yau ba su ga komai ba, gobe gatari zai shiga."

Tsohuwa ta dubi tafin hannunta.

"Wai da gaske wannan za su zo kallo? Shekara hamsin ina saƙa, ko a 'ya'yan cikina ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba."

"Har jirgi suka hau."

"Lallai ba su da aikin yi."

Sai ta fashe da dariya, ta sauka daga kan robar da kanta.

"Ka ci nasara, raggon miji. Naɗe ta ka ɓoye, ka kwaso min kayana."

Da ya dawo da damin kabar, ta zari sili huɗu ta danƙa masa a hannu, ta matsa masa wuri kusa da ita. Ƙarar mota ta fara tasowa daga bakin hanya.

"Zauna, ka sa ido a kan yatsuna. Ba zan koya wa baƙo abin da jikana bai iya ba."