Ungozoma da Cikin Kabewa

"Lafiya ƙalau, Maigida. Ya shago, ya kuma zaman tuzuranci?"

"Da godiya, Amarya. Wai ina kike ne? Muryarki nake ji kamar daga cikin tulu."

Kaka ta zuge zif ɗin ɗakin leda ta leƙo, gumi na bin wuyanta, tsohon tabarau ya yi hazo. Shekara talatin da biyar ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya. Rabin unguwa a hannunta suka faɗo, har da wannan dogon da ke tsaye a tsakar gida da jakar aski a kafaɗa, jikanta na fari.

Abin da ya shigar da ita leda kuwa, kabewa ce. Irin mahaifiyarta ne, mai dogon wuya, ba a samunsa a kasuwa. Duk shekara a jikin katanga take shukawa, sai bara awakin maƙwabta suka samu ƙofa a buɗe suka yi mata ƙarƙaf. Ƙwaya biyar suka rage mata a duniya. Tsoro ya sa ta ɗauki kuɗin da 'yarta ta aiko don sabon tabarau, ta sayo wannan ɗaki na ƙarafuna da leda, wai ba akuya, ba tsuntsu, ba ƙwaro. Uku suka tsiro, ɗaya ta bushe, biyun da suka rage kuma sai fure suke suna zubarwa. In suka mutu ba ɗa, irin ya tafi ke nan, kuma baiwar Allah ta san haka sarai.

Ta ce, "Shigo ka rufe, kada iska ta shiga."

"Ni ba burodi ba ne da zan shiga tanda."

"Shigo, ai ba ka da kitsen da zai narke."

Mai Aski ya ranƙwafa ya shiga, ta ja zif ɗin a bayansa. Leda na ɗigar da ruwa, ganyaye sun yi laushi sun sunkuyar da kai, ƙasa na tururi.

Ya ce, "Kirana kika yi in kwance ɗaki, ko in zo gaisuwar mutuwa?"

"Duka biyun. Ka kwance shi ka kai wa wanda ya sayar mini, ka ce tsohuwar banza ta gode."

"Ai sai da na gaya miki."

"Ka gaya mini me? Ba kai ka ɗaura ƙarafunan ba, har kana ɗaukar hoto kana nuna wa abokanka wai kakarka ta waye?"

"Ni aikin hannu na yi. Aikin kai naki ne."

"Kan ne ya tafi hutu ran nan. Mai sayarwar ya nuna mini hoto a jikin kwali, wata mata da ƙatuwar rigar sanyi da safar hannu, tana murmushi, ga tumatir kamar kan jariri. Na kalli tumatir ban kalli rigar ba. Su don su tara zafi suka ƙera abinsu, ni kuma na sayo rana na ƙara a kan rana."

"Amma a faɗi gaskiya, ruwan sama bai kwantar da su ba. Kuma akuya ba ta shiga ba."

"Ina za ta shiga? Akuya tana da hankali."

"To ashe a gidan nan..."

"Ƙarasa mana, in ga wanda zai wanke maka kaya."

Ya haɗiye sauran. Kaka ta kama hannun rigarsa ta ja shi can ƙurya, ta ɗaga wani ganye a hankali. Fure ne rawaya ya buɗe sosai, a gindinsa ga ɗan kumburi kamar babban yatsa.

"Kalli nan. Ciki na goma ke nan. Kowanne ya fito in ce alhamdulillahi, kwana uku ya yi rawaya ya faɗi. Ɓari tara a ɗakina, Maigida. Da a asibiti ne da tuni an karɓe mini farar riga. Ga uwayen ma sun fara kwanciya, haihuwar guzuma za a yi mini, ɗa kwance uwa kwance."

"Wataƙila kallon ungozomar ne ke tsorata su. Ni ma an ce da na buɗe ido na gan ki sai da na nemi komawa."

"An ce? Ni na ce. Da ƙafa ka fito, tun ran nan ba ka yi abu da kai ba."

Yana dariya idonsa ya faɗa kan wani bokiti a bakin ƙofa, cike da ruwan wanke-wanke, furanni na yawo a sama sun yi yaushi.

"Waɗannan fa?"

"'Yan zaman banza ne. Ba ciki, ba komai, sai siririn wuya kamar naka. Kullum da asuba nake tsinke su, kada su shanye wa masu ciki abinci."

"Kullum?"

"Ko zazzaɓi nake."

Mai Aski ya ajiye jakarsa, ya nemi buhun taki ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa kawai ke rawa. Kaka ta tsaya tana kallonsa, domin ta san dariyar nan. Ba ta zolaya ba ce, ta wanda ya riƙe wata magana ce.

"In aljanu ne suka tashi ka fita waje, kada ka faɗa mini kan shuka."

"Amarya, akwai wani mai lambu da ke zuwa aski wajena duk mako. Jiya na nuna masa hoton ɗakin nan. Tambaya biyu ya yi mini. Ya ce ana buɗe ƙofa? Na ce ko ni sai da izini. Ya ce mazan furen suna nan? Na ce ban san fure na da maza ba. Yanzu na ga inda suke."

Ya nuna bokitin da baki.

"Waɗancan masu siririn wuya, su ne mazan. Wannan kumburin kuma ba ciki ba ne, budurwa ce take jiran aure. Sai ƙudan zuma ya ɗebo garin namiji ya kai mata, sannan ya zama ɗa. In ba haka ba ta gaji da jira ta faɗi."

"Ƙudan zuma?"

"Shi."

"Wanda ya shigo makon jiya na bi shi da silifas."

"Madalla. Kin jefa angwaye a ruwan wanke-wanke, kin kashe ɗan aike, kin kulle ƙofa, sannan kin shimfiɗa tabarma kina jiran naƙuda. Shekara nawa ma kika ce kin yi a ɗakin haihuwa?"

"Ni ƙarshen zance ake kawo mini. Ba a taɓa gayyata ta farkonsa ba."

"Duk da haka dai, 'ya'ya bakwai kika haifa."

"Rufe mini baki, mara kunya. Kai da ko budurwa ɗaya ka kasa tsayarwa, yau kai ne malamin aure? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Ai shi ya sa na tausaya musu. Na san yadda ake ji in an tsinke mutum tun bai gabatar da kansa ba."

Kunya ce ta rufe ta, ta gaske, har ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta tuna shekarun da kabewar ke jikin katanga ba mai kula da ita, zuma na gunji a kanta tun da safe, ita kuma tana wucewa aiki ko kallo ba ta yi. Wato duk shekarun nan wasu ke yi mata aikin, ita tana karɓar yabo.

A hankali ta ce, "Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Garin gyaran gira na tsone ido. Da hannuna na kashe wa Inna iri."

Mai Aski ya daina dariya. Ya miƙe ya duba agogon wayarsa.

"Bai mutu ba tukuna. Mai lambun ya ce in ba zuma, mutum na iya yi da hannu. Amma furen safiya ɗaya yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Namiji ɗaya muke nema mai rai."

"Na bokiti fa?"

"Sun sha sabulu, Allah ya ji ƙansu."

Suka shiga ɗaga ganye. Ita ta ƙasa, shi ta sama, gumi na shiga musu ido. Ko'ina sai guntun kara inda farcenta ya bi, don matar nan ba ta yin aiki rabi da rabi.

Yana lalube ya ce, "Kin iya shara. Da ma ke na ɗauka aiki a shago."

"Nemi, kada ka dame ni."

Can sai ya miƙa dogon hannunsa bayan ƙarfen da ya riƙe rufin, inda yaɗo ya naɗe ya ɓuya. Ya juyo da fure guda, siririn wuya, ya buɗe tas, cikinsa cike da garin rawaya.

"Ga gwarzon da ya tsira daga yaƙi. Kin san abin da ya cece shi? Da kin sayi tabarau da tuni yana bokiti."

"Ka ga makanta ta yi rana. Ashe tsayin nan naka ma yana da amfani banda cin yadi."

Ya buɗe jaka ya zaro burushin da yake kakkaɓe gashi da shi. Kaka ta buge hannunsa.

"Burushin da ya share ƙeyar rabin gari za ka sa wa 'yata? Ta haifo mini kabewa mai sanƙo? Matsa. Wannan ɗakina ne."

Ta fita ta wanke hannu a famfo har gwiwar hannu, kamar yadda ta saba a da, ta dawo da su a sama suna ɗiga. Ya fige wa namijin ganyen furensa ya bar tsinken tsakiya, ya miƙa mata. Ta durƙusa. To, a nan ne fa hannun ya ci amanarta. Rawar da ta sa ta bar aiki ita ce ta dawo, tsinken na kaɗawa ya kasa samun tsakiyar furen. Ta gwada sau biyu, ta tsaya.

"Ka ga hannun da ya jawo ka duniya," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ya durƙusa kusa da ita ya riƙe wuyan hannunta, yadda yake riƙe kan yaro mai tsoron aska. Ta yi bisimilla ta goga, ta zagaye ko'ina, har garin ya rufe tsakiyar furen. Suka daɗe a durƙushe suna kallon abin kamar zai yi magana.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai nan da kwana uku a ga ko ya kama."

"Ashe abin da ake ta yi wa biki ke nan."

Ya taimaka mata ta miƙe. Ya ce, "To yanzu a kwance ɗakin ko a bar shi?"

"Bar mini rufin, yana tare ruwa. Naɗe gefunan sama iska ta ratsa. Akuya kuma ni da ita, zan ɗauko kujera da sanda in zauna."

"Wato kin sayi ɗaki don ya yi miki gadi, kin ƙare ke ce mai gadinsa."

"Na ji, na kuma amsa. In wani ya tambaye ka ko ya saya, ka ce ya fara duba rigar matar da ke jikin kwali."

Yana naɗe ledar tana tsaye tana shan iska. Can ta ce, ba da muryar wasa ba, "Ka san me ya sa ƙwaya biyar ɗin nan su ne na ƙarshe? Inna duk wanda ya shigo gidanta sai ta ƙulle masa iri a tsumma. Ni kuwa tun da ya zo hannuna ban ba kowa ba. Maƙwabta sun roƙa, ƙannena sun roƙa, in ce sai baɗi. Da na bayar, da yau aike kawai zan yi."

Ya tsaya da igiya a hannu.

"In Allah ya sa ya kama, rabin irin shagonka za ka kai. Duk wanda ka aske, ka damƙa masa uku."

"Har masu sanƙo?"

"Su a ba su biyar, su ga yadda abu ke tsirowa."

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon almakashinta na aiki, ta bi gefen zif ɗin ta yanke ƙofar ledar gaba ɗaya. Ta ninke ta huɗu ta cusa masa a jaka.

"Ga ladan ɗaurin aure. Ka riƙa yafa wa masu aski."

"Amarya, ko sadaka ce ai a sa ɗan nama."

Kaka ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Sannan ta jawo kujera ta ajiye a bakin ɗakin da ba shi da ƙofa, ta ɗora sanda a cinya ta zauna.