Gansakukar Garin Garau

A wani gari da ke bakin teku, wanda ake kira Garau saboda a da ko allura ce ta faɗa ruwansu ana hango ta daga cikin kwale-kwale, an yi wani sankira mai suna Mantau. Aikinsa ya shiga kasuwa da ƙuge ya sanar da jama'a abin da Majalisar Haka-Ne ta yanke. Allah ya ba shi baki. Idan gobara ta cinye maka rumfa, Mantau zai yi maka bayani har ka gode da aka rage maka shara. Matarsa Tasalla bandar kifi take sayarwa, kuma kaf garin ita kaɗai ce ba ta gaskata shelarsa, don a gabanta yake haddace ta a tsakar gida.

Kowace shekara majalisa takan sayo wa manoma takin zamani, a jibge shi a bakin gaɓa ana jiran bikin rabo. Mai Gari, Alhaji Sai-Gobe, mutum ne mai yawan uzuri, don haka ranar bikin ba ta taɓa riga damina zuwa ba. Ruwan sama kuwa ba ya jiran biki. Sai ya narkar da takin ya kora shi teku. Ga kuma babbar kwatar Tudun Ƙoshi, unguwar manya, tana kwararo ragowar miya da abin da miya ke zama bayan an ci, duk cikin ruwan nan.

Abinci ya samu. Gansakukar da a da sai ka ƙura ido kake ganinta a jikin duwatsu ta ci, ta sha, ta hayayyafa. Aka wayi gari teku ya yi kore shar kamar fadama.

Majalisa ta zauna, Mantau na tsugune a bakin ƙofa yana jiran abin da zai kai kasuwa. Sarkin Noma, wanda rabonsa da fartanya tun ranar da aka ɗauke shi hoto da ita, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, mahassada suna cewa takinmu ba ya zuwa gona. To, ga gona ta zo inda taki yake. Wane gari ne ya taɓa noma teku in ba mu ba?"

"Haka ne!" in ji majalisa.

Nan take aka kafa Ma'aikatar Ciyar da Gansakuka, aka kuma naɗa gansakukar Garkuwar Teku. Da aka jefa mata rawani bai nutse ba saboda kaurinta, sai majalisa ta ce ta karɓi sarauta. Mantau ya kai labari kasuwa da irin daɗin bakin da har wasu suka yi guɗa.

Ba a daɗe ba kifi ya fara tasowa yana yawo a kan ruwa, ciki sama. Mantau ya buga ƙuge ya ce, albarkacin wannan mulki masunta sun huta da jefa taru, yanzu kifi da kansa yake kawo kansa.

Da ya dawo gida Tasalla ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, kifin da ya zo da kansa ciki sama, mu a wajenmu mushe ake ce masa."

"Ke ba ki san harkar mulki ba."

"Na dai san wari."

Ana haka sai ga Dakta Rakiya, shugabar Ofishin Binciken Ruwa, ta zo majalisa da kwalba a hannu. An daɗe ba a gan ta ba, domin an mayar da ofishinta can bayan dutse, inda ko ƙarar igiyar ruwa ba a ji.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, abin nan cimarsa iri biyu ce. Ɗaya ta fi yawa a taki, ɗaya a kwata. Idan ya sami duka biyun sai ya yaɗu ya rufe ruwa, in ya ruɓe kuma ya shanye iskar da kifi ke shaƙa. Amma mafi sharri a saba masa da ƙoshi, sannan a yanke ɗaya a bar ɗaya. Irin wannan da na gani a kwalba, idan ya ji rabin yunwa ba mutuwa yake ba, dafi yake haɗawa."

Mai Gari ya yi hamma. "To, me za a yi?"

"A kai taki gona, a toshe kwata, duka lokaci guda. Sai a yi haƙuri ya rame."

Sai Sarkin Noma ya ce, "A toshe kwatar Tudun Ƙoshi? Mu kuma ina za mu kai namu?"

Aka yi wa Dakta godiya, aka ƙara mata girma, aka tura ta binciken ruwa a wani ƙauye da ba shi da ko rijiya.

Duk da haka rabin shawararta ya zartu, ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Ma'aikatan ciyarwa sun lura cewa Garkuwar Teku ba ta da bakin kai ƙara, sai taki ya fara bin wata hanya zuwa kasuwannin maƙwabta. Kwata kuwa ba ta fasa aikinta ba. Ruwa ya bar kore ya koma ja kamar zoɓo. Duk wanda ya ci kifi ko kaguwa sai leɓensa ya mutu, harshensa ya yi nauyi, ya kasa haɗa kalma biyu. Hukumar Sauraron Koke ta ba da rahoto cewa tun da aka kafa garin ba a taɓa samun zaman lafiya irin wannan ba, don babu wanda ya zo ya faɗi komai.

Tasalla ta kashe wutar banda ta kife faifanta. Ta ce gara ta sayar da toka da ta ciyar da 'ya'yan mutane guba. Miyar gidan Mantau ta koma kuka tsura.

Da kasuwar kifi ta mutu, Mai Gari ya kira shi. "Mantau, jita-jita ta yi yawa. Gobe ka ci kifi a tsakiyar kasuwa kowa ya gani."

"Ranka ya daɗe, ko a sami wani daga cikin manya ya fara sa albarka?"

"Manya azumin nafila suke."

Tasalla ta riƙe masa riga a ƙofar gida. "Malam, ƙarya a baki take tsayawa, wannan kuwa ciki za ta shiga. Ka ce ba ka da lafiya." Ya zame ya fita, don bai san wata sana'a ba in ba wannan ba.

Ya hau turmi, ya cinye kifi guda har kai, ya suɗe yatsu. Ya yi ta zuba bayani kan martabar ruwan Garau, har ya zo daidai inda zai rufe. "Jama'a, ga ni nan kuna gani, laf... laf..." Harshe ya kwanta. A baro aka kai shi gida.

Ya yi kwanaki a kan tabarma, ido biyu, baki babu. A nan ne ya fara jin gari, don da can muryarsa ba ta barinsa ya ji ta kowa. Ya ji kukan gidan maƙwabcinsu Jibo masunci, wanda nasa dafin bai tsaya a harshe ba, ya sauka ƙirji. Ya ji fitar makara. Tasalla tana ɗura masa koko da ludayi ta ce, "Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ka faɗi gaskiya da yawa kamar kwanakin nan ba." Ya so ya yi fushi, sai hawaye.

Majalisa kuwa ta gano bakin zaren. Tunda yunwa ce ke sa Garkuwar Teku dafi, to, kada a sake barin ta da yunwa. Kowane manomi ya kwaso takin tumakin da ya tara don gonarsa ya kawo gaɓa. Ranar da harshen Mantau ya warware, ranar aka aiko masa da wannan shela.

Ya shiga kasuwa ya buga ƙuge, mutane suka taru. Ya buɗe baki zai faɗi abin da aka ba shi, sai ya hango matar Jibo zaune da mayafin takaba. Maganar Dakta Rakiya da ya ji daga bakin ƙofar majalisa ce ta fito.

"Jama'a, abin nan da muke ciyarwa, ba ya noma, ba ya su. In ya ƙoshi ya rufe mu ya hana mu numfashi. In an rage masa kaɗan ya sa mana dafi. Maganinsa ɗaya ne, a yanke masa duka, a bar shi ya..."

Bai ƙarasa ba dogarai suka yi sama da shi.

Aka gurfanar da shi gaban alƙali bisa laifin cin mutuncin majalisa a bainar jama'a. Mantau ya dafa ƙirji.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi gansakuka nake nufi!"

Alƙali ya sa aka shigo da shaidu daga kasuwa, mahauta da masu tumatir da dillalan gishiri, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda gansakuka ta faɗo masa a rai lokacin da sankira ke magana. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce gansakuka ce ta faɗo masa ba.

Alƙali ya cire tabarau ya dubi Mantau. "Kada ka raina wa kotu hankali. Su kansu 'yan majalisar, da aka karanta musu maganarka, kowa cewa ya yi da shi kake."