Taken Gidan Alhaji Osmanu

Alhaji Osmanu Mutaru Alkashinawi, ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 1969, ya wayi gari yana mai sayar da rediyo da batir a bakin babbar kasuwar Kumasi. Kafin azahar ya zama Babban Daraktan Kiɗe-kiɗen Tarihin Zango. Ba a taɓa jin wannan muƙami ba kafin ranar, ba a kuma sake jinsa ba bayanta. Shi ya ƙirƙiro shi, shi ya naɗa kansa, shi ne kuma farkon wanda ya yi wa kansa murna.

Wajibi ne a yi wa bawan Allahn nan adalci. Babu wanda ya kai shi sanin kiɗa a duk faɗin Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, domin babu wanda ya kai shi yawan akwatunan da kiɗa ke fitowa daga cikinsu. Yakan kunna rediyo shida a lokaci guda, kowace da tasharta, ya zauna a tsakiyarsu ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Maƙwabtansa na kasuwa suna kiransa Alhaji Lasifika, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Asalinsa ma ba abin wasa ba ne. Ya sha bayyana wa jama'a cewa kakanninsa malamai ne daga Katsina, waɗanda suka iso Kumasi da littattafai a kan jakuna bakwai. Sunan nan na Alkashinawi a jirgin dawowa daga Makka ya same shi. In zai wuce rumfar mahauta sai ya toshe hanci da hankici mai turare, ya ce jininsu na malamai ba ya jure ƙarni.

Ga yadda muƙamin ya samu. Wani kamfani a Akra ya shirya fim a kan tarihin Kumasi, tun daga zamanin sarakunan da, zuwa isowar jirgin ƙasa, zuwa yau. An gama ɗaukar hotuna. Rabon Zango a ciki minti huɗu ne: masu ɗaurin goro, masallaci, lungunan kasuwa. Abin da ya rage shi ne kiɗan da za a shimfiɗa a ƙarƙashin hotunan. Sai aka turo wani ma'aikaci, Mista Boakye, da rikoda da faifan tef guda biyu, aka ce ya koma a jirgin ranar Asabar, ko da kiɗa ko babu. Batir ya je saye a kantin Alhaji. Yana jiran a naɗe masa, sai ya tambaya ko ina ake samun makaɗa, ya kuma ƙara da cewa duk wanda ya taimaka za a rubuta sunansa a ƙarshen fim, ya hau allon silima kowa ya gani.

Alhaji ya kashe rediyo shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa jin kantin shiru haka ba.

“Da manyan baƙaƙe?” in ji shi.

“Manya paa, Alhaji.”

Tun daga wannan lokaci babu abin da Alhaji ke gani a duniya sai sunansa, dogo kamar layin dogo, yana hawa farin allo a gaban idon mutanen Kumasi.

Ranar Laraba aka fara tantance makaɗa a tsakar gidansa da ke Dichemso. Ya sa aka fito da kujera mai hannu, ya riƙe wata siririyar sanda, domin a bangon wani faifan garmaho ya taɓa ganin hoton Bature yana kaɗa irinta a gaban makaɗa ɗari. Munkaila mai goge ya zo tun daga Suame, ya ja tsirkiya sau biyu, sanda ta ɗaga.

“Dakata! Wannan kukan jinjiri ne. Tarihi ba ya kuka. Tarihi tafiya yake yi da ƙasaita, kamar ni in zan shiga masallaci.”

Makaɗan Dagomba suka zo da gangunansu, ya ce sun cika ƙarfi, za su firgita Turawan da za su kalli fim. Mata masu kiɗan ƙwarya suka zo, ya ce ƙwarya kayan madafa ce, ba kayan tarihi ba. Wani mai sarewa daga Oforikrom bai ma kai ga hurawa ba, aka sallame shi saboda hularsa ta karkace. Ranar Alhamis Alhaji ya yini yana rubuta Tsarin Kiɗan Tarihi, babi goma sha biyu, wanda in an bi shi zai ci awa uku. Mista Boakye ya tuna masa cewa minti huɗu ne. Alhaji ya dube shi da tausayi, ya ce masa ƙaramin ma'aikaci ba zai gane girman aikin ba, amma ba laifinsa ba ne.

Akwai mutum ɗaya a gidan da ba ta ɗauki muƙamin da muhimmanci ba, wato yayarsa Mma Adizatu, wadda ta goye shi yana ƙarami, take kuma sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida. Ta leƙo da ludayi a hannu.

“Osmanu, ka kori mai goge, ka kori masu ganga. Kai za ka yi musu da baki?”

“Yaya, a gaban baƙi Darakta ake cewa.”

“To Darakta, ɗaga ƙafarka in ɗauki murfin tukunyata.”

Bayan sallar Juma'a aka taru domin naɗar kiɗa. Daga cikin makaɗan Zango duka, saura mutum ɗaya da bai yi fushi ya tafi ba: Baba Alidu mai kalangu, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, wanda bai ji zagin da aka yi masa ranar Laraba ba saboda kunnensa na hagu ya yi nauyi. Jama'a suka cika tsakar gida, wasu a kan katanga. Alhaji ya fito cikin babbar riga mai aska takwas. Mista Boakye ya kafa makirufo, ya murɗa rikoda, faifai ya fara juyawa.

Alhaji ya ga bai dace a fara kiɗa babu gabatarwa ba.

“Ya ku jama'ar Kumasi, da na Gana, da na ƙasashen ƙetare masu saurarona! Kiɗa iri uku ne. Akwai na jahilai, akwai na masu matsakaicin ilimi, akwai kuma wanda ni zan kawo muku yau. Kakana na bakwai, Allah ya jiƙansa, ya taɓa cewa...”

Abin da kakan ya ce ya cinye faifai na farko. Bayanin da jikan ya yi a kan maganar kakan ya ci kusan dukan na biyu. Mista Boakye ya yi tari, ya ɗaga hannu, ya nuna agogo. Daga ƙarshe ya danna rikoda ta tsaya.

“Alhaji, ina roƙonka. Tef ya rage minti biyar. Ba ni da wani koraa, ko ɗaya. Gobe jirgi. In babu kiɗa, babu suna.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta shiga. Alhaji ya juya wurin tsoho, ya ɗaga sanda, ya sauke ta da ƙarfi. Kalangu bai ce komai ba. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Baba Alidu yana kallon sandar kamar mai jiran a kori ƙuda.

“Baba, kaɗa mana!”

“Wa zan yi wa, Alhaji?”

“Tarihi!”

“Ɗan wane ne?”

Nan aka yi dariya a kan katanga, amma tsoho ba wasa yake yi ba. Shekara hamsin yana rataye da kalangu, bai taɓa buga shi a banza ba. Kowane gida da takensa, kowace sana'a da nata, kuma makaɗi ba ya kiran wanda ba shi da uba. Ya ce in dai Tarihin nan baƙo ne, a faɗa masa garinsu da sana'ar gidansu, sai ya san abin da zai kaɗa.

Alhaji ya dubi rikoda, ya dubi agogo, sai basira ta sauko masa.

“Ai ni ne tarihin Zango. Yi mini.”

“Taken gidanku?”

“Taken gidanmu! Tun daga tushe. Kada ka rage komai.”

Mma Adizatu ta ajiye ludayi, ta gyara ɗaurin zani, ta zauna a kan turmi kamar wadda aka ba kujerar gaba.

Baba Alidu mutum ne mai gaskiya. Ya san gidan tun kafin a yi masa bene. Shi ya yi wa marigayi Mutaru, mahaifin Alhaji, kiɗa shekara ashirin a mayanka, shi ya kaɗa ranar da aka raɗa wa Osmanu suna. Ya matse kalangu a hammata, ya saki taken mahauta.

Dattawa sun daɗe suna cewa ɗan mahauci ba ya jin wannan take jikinsa ya zauna lafiya. Alhaji ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan kam kowa shaida ne. Ya cije leɓe. Ya riƙe hannun kujera. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ne ya fara cin amanarsa, sai gwiwa ta bi, sai kafaɗa. Hula ta faɗi. Aska takwas ta tashi sama ta sauka a kan igiyar shanya. Ya fizgi laimar wani mai kallo, ya shiga wasa sandar Darakta a jikinta kamar wuƙa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, da gwanintar da ba a koya a littafi. Sannan ya buɗe baki dab da makirufo:

“Sai ni Osmanu na Mutaru Jan Kirgi! Jikan Mai Wuƙa Tara! Ni na kama ƙahon bajimi ba igiya! A kayar, in feɗe kafin malam ya wanke hannu! Ƙashi ka san ni, jijiya ka san ni!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Mahauta uku da ke cikin taron suka diro daga katanga suka shiga fage. Mma Adizatu tana tafi tana cewa, “Haka Baba yake yi! Har karkata wuyan!” Mista Boakye ya danne abin sauraro a kunnuwansa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. Faifai ya juya, ya juya, wutsiyar tef ta fita tana kaɗawa.

Da kiɗa ya tsaya, Alhaji ya tsinci kansa a tsakiyar fage, daga shi sai 'yar ciki, da laimar wani a hannu. Ya yi gyaran murya. Ya bayyana wa jama'a cewa abin da suka gani misali ne kawai na irin kiɗan da bai kamata a sa a fim ba, kuma ya yi shi ne domin ilimantarwa. Ya umarci Mista Boakye ya goge, a sake sabo gobe da safe. Mista Boakye ya ce to. Gobe da safe yana cikin jirgi.

Wata shida suka wuce. A tsakani dokar korar baƙi ta kwashe mutane da yawa daga Zango, har da Baba Alidu, wanda ya hau babbar mota da kalangunsa bai ga fim ɗin ba. Alhaji kuwa ya shawo kan zuciyarsa cewa mutanen Akra masu hankali ne, lalle jawabinsa za su ɗauka su bar sauran. Saboda haka ranar Asabar, sha takwas ga Afrilu, 1970, da aka kawo fim ɗin nunin la'asar a wani babban zaure, ya gayyaci 'yan kasuwa da limamai biyu, ya zaunar da su a layin gaba, shi a tsakiya.

Aka nuna sarakunan da. Aka nuna jirgin ƙasa. Alhaji yana yi wa na kusa da shi bayanin kurakuran kiɗan kowane sashe. Sai hoton Zango ya bayyana, kuma daga manyan lasifiku biyu kalangun Baba Alidu ya faso zauren, ya ninka na tsakar gida ƙarfi sau goma.

Limamin da ke daman Alhaji ne ya fara jin kujera tana rawa. Ya riƙe masa riga. Rigar ta zauna a hannun liman, mai rigar ya yi gaba. Abin da mutanen Kumasi suka gani a ranar ba a sake ganin irinsa ba: murya tana kirari daga cikin allo, mai muryar yana amsa mata a gaban allo, inuwarsa ta rufe rabin masallaci. Bayan an zaunar da shi ana yi masa fifita, sunaye suka fara hawa. Alkawari ya cika, da manyan baƙaƙe kuwa. Kiɗa: Alidu. Muryar mahauci: Osmanu Mutaru. Babu Alhaji, babu Darakta, Alkashinawi kuma ko ƙurarsa.

Washegari mahautan Kumasi suka aiko masa da cinyar sa, da saƙon cewa sun yi murna da ɗansu ya dawo gida. Mma Adizatu ta karɓa, ta yi godiya a madadin iyali.

Shi kuwa ya rufe kanti, ya ɗauko takarda mai kyau domin rubuta wa kamfanin ƙara, a cire muryar kafin motar majigi ta zaga da ita ƙauyuka. Muƙamansa sun ci shafi na farko. A shafi na biyu ya rubuta: “Ina sanar da ku cewa kun yi mini ƙazafi a gaban duniya. Mahaifina, marigayi Mutaru, Allah ya haskaka kabarinsa, sana'arsa ita ce”

Ya tsoma alƙalami a tawada. Ya dubi rufi. Ƙamshin farfesun cinya yana shigowa ta taga. Har yau wasiƙar tana cikin aljihun teburinsa, a nan ta tsaya.