Rasuwar Mai Ƙyas-ƙyas na Ƙarƙashin Sitiyari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma ba kaɗan ba, ɗan tsohon direba yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar filashar siginar motar mahaifinsa, wato ɗan gwangwanin nan da ya zauna a ƙarƙashin sitiyari tun kafin a haifi mai wannan sanarwa.

Marigayin bai fi kwalbar turare girma ba. Aikinsa guda ne: in aka ɗaga sigina, ya kunna fitila ya kashe, yana cewa ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba gaggawa ba kasala. Tun da idanun tsoho suka tafi ya koma kujerar gefe, da wannan ƙara yake tuƙi a ransa. Da ya ji ta ya san an zo kwanar asibiti, ya san an kusa gida. In kuwa ɗan ya karya kwana bai sa sigina ba, to cinyarsa ce za ta sha duka, duk da gemunsa da komai.

Ciwon ajali ya zo wa marigayin ne ta hannun masoyi. Ɗan ya ga fitilu sun dushe, ya kai motar wurin mai gyaran wuta, aka cire tsofaffin ƙwayaye aka sa na zamani, masu haske fes, waɗanda ba sa jan wuta. Ashe marigayin da wutar da ake ja yake numfashi. Nan take zuciyarsa ta hau bugu, ƙyasƙyasƙyas, kamar mai zazzaɓi. Ya yi 'yan kwanaki a haka, sannan ya yi shiru a tsakiyar mahaɗa. Magajin da aka ɗaura a gurbinsa ba shi da laifi wajen aiki, sai dai bebe ne.

Ya rasu ya bar hon mai dasasshiyar murya, da rediyon da ya daɗe da daina kama tasha, da ɗa mai cizon yatsa. Ya kuma bar tsoho, wanda jiya, a kan hanyar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bi, ya juyo ya tambayi ɗansa ko ina suke. Bai taɓa yin wannan tambaya ba. Ɗan ya ba shi amsa, amma sai da ya tsaya a gefen titi ya share fuskarsa tukuna.

Za a binne marigayin ranar Asabar da hantsi, a bayan garejin mai gyaran wuta, cikin kwalin magajinsa. Ana roƙon masu zuwa su yi haƙuri in iyalan sun makara. Tsoho ya ce ba zai shiga motar ba, a ƙasa zai zo, don ƙafarsa dai har yanzu ta san hanya.